Takarda Mai Lamba 459: Nazarin Zauren African Lodge na Boston

A ɗakin ajiya na wani banki a birnin Boston na ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar takarda da zafin gobara ya babbake. An rubuta ta a Landan ranar 29 ga Satumba, 1784. Sunayen mutum uku ne a cikinta: Prince Hall a matsayin shugaba, Boston Smith babban mataimakinsa, Thomas Sanderson ƙaramin mataimaki. Dukkansu baƙar fata ne. Takardar ta ba su izinin buɗe reshen ƙungiyar Freemason mai suna African Lodge, lamba 459 a rajistar Ingila. Duk ƙungiyoyin Freemason na baƙaƙen Amurka da ake kira da sunan Prince Hall, daga wannan takarda suke jawo salsalarsu, kuma a kanta aka shafe fiye da shekara ɗari biyu ana jayayya.

Da zarar an ambaci Freemason, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne ƙungiyar asiri. Matsayin malamai a kanta ba ɓoyayye ba ne: majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta shiga cikinta a 1978, Cocin Katolika kuwa tun 1738 ta hana mabiyanta. Wannan nazari bai taɓa wannan hukunci ba. Abin da ya sa a gaba shi ne reshe guda ɗaya a gari guda: me ya sa mutanensa suka kafa shi, me ya yi musu, kuma a ina sakaci da ƙa'idar ofis ya kusa kashe shi.

Yadda zaure yake tsayuwa

Kalmar lodge da ke cikin sunan, a nan za mu riƙa cewa zaure. Asalinta rumfar da maginan dutse na Turai suke kafawa a gindin ginin da suke yi, inda suke ajiye kayan aiki, su huta, su koya wa yara sana'a. Ƙungiyar zamani ta fara ne a 1717, lokacin da zauruka huɗu na Landan suka haɗu suka naɗa wa kansu uwa, wato Babban Zaure. A lokacin galibin 'ya'yanta ba magina ba ne, amma sun riƙe kayan sana'ar a matsayin alamu: sukwaya, kamfas, lebur, cokalin gini, da farin walki na fatar ɗan rago da kowa ke ɗaurawa a ƙugu idan ana zama.

A ƙa'idarsu, zaure mutane ne da takarda. Gini ba ya cikin lissafi. African Lodge ya daɗe yana zama a ɗakunan aro da na haya. Kafin a buɗe cikakken zama ana bukatar aƙalla mutum bakwai, kuma dole takardar izini ta kasance a cikin ɗakin. Shugaba yana zama a gabas, babban mataimaki a yamma, ƙarami a kudu. Akwai magatakarda mai rubuta abin da aka tattauna da riƙe rajistar suna, akwai ma'aji, akwai mai gadi da ke tsaye a wajen ƙofa da takobi. Matakai uku ne mutum ke hawa: ɗan koyo, magini, sannan gwani. Zauren da ke da takarda ne kaɗai ke da ikon ɗaukar sabon mutum ya hawar da shi waɗannan matakai. Wanda ya yi haka ba da takarda ba, ana kiransa na bayan fage, kuma an hana 'yan sauran zauruka zama da mutanensa.

Hanyar shiga ita ce wurin da ya kamata a lura da kyau, don a nan wariya ta sami gindin zama ba tare da an rubuta ta ba. Mai nema shi zai kawo kansa, ba a gayyata. Zai rubuta takardar nema, 'yan zaure biyu su tsaya masa. A tsarin Amurka ana naɗa mutum uku su binciki halinsa da sana'arsa, sannan a zama na gaba a kaɗa ƙuri'a. Akwatin ƙuri'ar yana da rumfa da ke rufe hannu, ciki akwai fararen ƙwallaye da baƙaƙe. Kowa zai zura hannu ya jefa ɗaya, babu mai ganin abin da wani ya jefa, kuma laifi ne a tambayi mutum ko shi ya faɗa. A yawancin jihohin Amurka baƙi guda ɗaya ya isa ya kayar da mai nema. A Ingila uku ne iyaka. Wato a zauren mutum arba'in, mutum ɗaya da ba ya son zama da baƙar fata ya isa ya rufe ƙofa har abada, ba wanda zai san ko wane ne. Ƙari a kan haka, kundin dokokin ƙungiyar na 1723 ya shar'anta cewa mai shiga ya zama namiji, baligi, mai kyakkyawan suna, kuma haifaffen ɗa, ba bawa ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne sandan da aka riƙa dukan 'yantattun bayi da shi.

Majemi da sojojin Sarki

An haifi Prince Hall wajajen 1735. Ya yi shekaru a gidan wani majemi mai suna William Hall, wanda ya ba shi takardar 'yanci a 1770. Ya ci gaba da sana'ar jima da aikin fata a Boston. Akwai rasit na 1777 da ke nuna ya sayar wa rundunar igwa ta garin fatun ganguna. Yana kuma yin aikin shirya abinci a bukukuwa. Mutum ne mai abin hannunsa daidai gwargwado, yana biyan haraji, ya iya rubutu.

Tarihin da ƙungiyar take riƙe da shi ya ce ranar 6 ga Maris, 1775, aka shigar da Hall da wasu baƙaƙe 14 a wani zauren sojojin Birtaniya mai lamba 441 a rajistar Ailan, wanda wani saje mai suna John Batt yake shugabanta. Wasu masu bincike na baya-bayan nan da suka sake duba tsohon littafin zaman sun ce shekarar 1778 ce. Ko wacce ce, abin da ya biyo baya ɗaya ne. An bar su da wata 'yar takardar yarda wadda ta ba su abu biyu kacal: su yi jerin gwano ranar bikin waliyyi Yahaya, wato 24 ga Yuni, kuma su binne mamatansu bisa al'adar ƙungiya. Ba su da ikon shigar da kowa. Sun kira kansu African Lodge lamba 1.

Wanda bai san halin da ake ciki ba zai raina waɗannan abubuwa biyu. Baƙaƙen Boston a ƙidayar 1790 ba su kai dubu ɗaya ba cikin mutum kusan 18,000. Yawancinsu ma'aikatan jirgin ruwa ne, 'yan dako, wanzamai, barorin gida. Bauta ba ta faɗi a jihar Massachusetts, inda Boston take, ba sai a 1783, ta hanyar hukuncin kotu. Baƙin da ya mutu ba shi da kowa, hukumar gari ce ke jefa shi a kabarin matalauta. A ce ga mutum goma sha biyar sanye da farin walki da safar hannu, suna tafe a jere bayan gawar ɗan'uwansu a tsakiyar titi, da izini a aljihu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma zauren da ba ya ɗaukar sabbin mutane, kwanansa ƙidayayye ne. Duk jana'izar da suka yi, sun ragu da ɗaya.

Shekara uku ana jiran takarda

Fararen Freemason na Boston ba su ba su cikakken izini ba. Saboda haka a watan Maris na 1784 Hall ya rubuta wa William Moody, shugaban wani zaure a Landan, ya roƙe shi ya miƙa buƙatarsu ga Babban Zauren Ingila. Yaƙin neman 'yancin Amurka bai daɗe da ƙarewa ba, amma Landan ba ta yi jinkiri ba: cikin wata bakwai aka rubuta takarda aka sa hannu.

Sai takarda ta zauna a ofishin magatakarda a Landan, saboda ba a biya kuɗinta ba. Kuɗin fam 5 ne da sule 15 da sisi. Babu banki tsakanin Boston da Landan da talaka zai yi amfani da shi. Sai dai a damƙa wa ma'aikacin jirgi. Kuɗin farko da aka tara aka aika bai isa ofishin ba. Aka sake tarawa, aka ba Kyaftin James Scott, wani sanannen matuƙin jirgi mai alaƙa ta aure da gidan John Hancock, wanda ya yi gwamnan jihar. Shi ya biya, ya karɓo takardar, ya iso da ita Boston a ƙarshen Afrilun 1787. Ranar 6 ga Mayu aka buɗe zaure a ƙarƙashinta. Hall har sanarwa ya buga a jarida, don a lokacin an riga an fara yi musu ba'a a gari cewa takardarsu ta ɓata.

Takardar ba kyauta ba ce, yarjejeniya ce. Ta ɗora musu wajibai: su rubuta dokokinsu na cikin gida su aika da kwafi, su riƙa aika jerin sunayen 'ya'yansu kowace shekara, kuma su riƙa aika wani abu gwargwadon ƙarfinsu zuwa asusun taimako na uwar ƙungiya. A riƙe wannan sharaɗi na uku, za a dawo kansa.

Abin da suka yi da ita

Dokar ƙungiya ta hana gardamar siyasa da ta addini a cikin zama. Hall ya kiyaye wannan a cikin ɗaki, amma mutanen da ke fitowa daga ɗakin su ne dai ke sa hannu a takardun koke zuwa majalisar jiha. Zaure ya koya musu abin da babu wata makaranta da za ta koya wa baƙar fata a lokacin: tsara ajanda, rubuta bayanin zama, zaɓen shugaba, binciken littafin ma'aji, rubuta wasiƙa ga hukuma da harshen da hukuma ke ji.

Tun a Janairun 1777 Hall da wasu sun kai koke a soke bauta. A 1786, lokacin boren manoma da Daniel Shays ya jagoranta, ya rubuta wa Gwamna James Bowdoin cewa a shirye suke su kawo mutum 700 su taimaki gwamnati. Ba a karɓa ba. A Janairun 1787 mutum 73 suka sa hannu suna neman taimakon jiha su koma Afirka. Majalisa ta yi shiru. A Oktoban shekarar suka nemi a ba 'ya'yansu makaranta, da hujjar cewa suna biyan haraji kamar kowa. Nan ma shiru. Daga baya al'ummar ta buɗe makarantarta a gidan wani baƙar fata mai suna Primus Hall a 1798.

Koken da ya ci nasara shi ne na 1788. A watan Fabrairu wani mai jirgi ya yaudari baƙaƙe uku 'yantattu da sunan aikin lodi. Suna cikin rumbun jirgi aka rufe su, aka ɗaga zuwa tsibiran Karibiyan don a sayar. Ɗaya daga cikinsu ɗan African Lodge ne. Ranar 27 ga Fabrairu Hall da mutanensa suka kai koke. 'Yan ɗariƙar Kwaka ta Kirista da limaman cocin Boston su ma suka kai nasu. Ranar 26 ga Maris majalisa ta zartar da dokar hana 'yan jihar cinikin bayi, tare da ba iyalan wanda aka sace damar neman diyya. Gwamna Hancock ya aika wasiƙu zuwa tsibiran. A can kuma, kamar yadda limamin nan masanin tarihi Jeremy Belknap ya ba da labari a wasiƙunsa, ɗan kasuwar da aka kai wa mutanen talla ɗan Freemason ne. Ɗan zauren ya gabatar masa da kansa, ya ba shi labarin yadda aka sato su, shi kuma ya kai magana gaban gwamnan tsibirin. A watan Yuli mutanen uku suka dawo Boston.

Wannan shi ne ainihin amfanin takardar ga ma'aikacin jirgi: shaidar zama ɗan ƙungiya da ake ganewa a tashar Liverpool ko ta Karibiyan, a zamanin da baƙar fata ba shi da fasfo. Kada kuma a ɗauka majalisar ta zama ta kirki. A wannan wata na Maris ɗin ta zartar da wata dokar da ta ce duk baƙar fatan da ba ɗan wata jihar Amurka ba ne, kuma ba talakan Sarkin Maroko ba ne, kada ya wuce wata biyu a Massachusetts.

Ta fuskar taimakon yau da kullum, zaure yana raba itacen hura wuta ga mabuƙata a lokacin sanyi, yana duba marasa lafiya, yana tallafa wa matan mamata da marayu. Ƙarfinsa dai bai wuce aljihun 'ya'yansa ba, shi ya sa a 1796 aka kafa wata ƙungiyar taimakon juna a gefe, African Society, mai sauƙin shiga: kwatan dala a wata, kuma mutum ba ya cin moriya sai ya cika shekara yana zubi. Wannan sharaɗin shekara guda shi ke hana mutum ya shigo da ciwonsa a jiki ya kwashe asusu.

Inda bango ya tsage

Matsala ta farko daga waje ta zo. A 1792 manyan zaurukan farare biyu na jihar suka haɗe suka zama Babban Zauren Massachusetts, ba a gayyaci African Lodge ba. Amurkawa kuma suka ƙirƙiro ƙa'idar da Ingila ba ta san da ita ba a da: jiha ɗaya, Babban Zaure ɗaya, duk wanda ba ya ƙarƙashinsa ɗan bayan fage ne. Sai ga shi an ƙi karɓarka, sannan an ce laifinka shi ne kana waje. Abin da ke tona asirin wannan hujja shi ne zauren St. Andrew na Boston, na farare, wanda ya ci gaba da zama da takardar Sikotilan har 1809, ba wanda ya ce masa haramtacce.

Ta biyu su suka jawo ta, ko da yake ba su da wata mafita. A 1797 baƙaƙen Filadelfiya suka rubuto wa Hall suna neman izinin zaure. Ya ba su, ya ce su yi aiki a ƙarƙashin inuwar takarda mai lamba 459. Absalom Jones ya zama shugaba, Richard Allen ma'aji, mutanen da kowannensu ya kafa cocin baƙaƙe a garin. A shekarar aka ba baƙaƙen garin Providence irin wannan izini. A tsantsar ƙa'ida, ƙaramin zaure ba ya haifar wani zaure. Wannan aikin uwa ne. Masu kare Hall suna nuna cewa a ƙarni na 18 ba a tsananta haka ba: zauren Fredericksburg da ya shigar da George Washington a 1752 bai sami takarda ba sai a 1758. Gaskiya ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abokan hamayya sun shiga ta nan har tsawon ƙarni biyu.

Ta uku ita ce mafi muni, kuma ta ofis ce zalla. Zumunta a ƙafa take. A wannan harka, a wasiƙa take. Gudummawar ƙarshe da littattafan Landan suka nuna an karɓa daga African Lodge ta 1797 ce. Hall ya ci gaba da rubutu, yana korafin ba a amsa masa. Yaƙin Faransa ya dagula zirga-zirgar teku, wasiƙu a hannun matuƙa suke tafiya, babu wakili na dindindin a Landan da zai je ofis ya tabbatar an rubuta. Ko lambar zauren an canza ta zuwa 370 a 1792 lokacin da aka sake jera rajista, amma a Boston 459 aka ci gaba da rubutawa. Hall ya rasu ranar 4 ga Disamba, 1807. Wanda ya gaje shi, Nero Prince, bai daɗe ba ya tafi Rasha, inda ya yi aiki a fadar sarki. Alaƙar da mutum ɗaya ya riƙe da alƙalaminsa ta bi shi kabari.

A Disamban 1813 manyan zaurukan Ingila biyu da suka daɗe suna gaba suka haɗe. Aka zauna tace rajista, duk zauren da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba aka cire. African Lodge ya fita tare da ɗimbin zaurukan Amurka na farare. Bambancin shi ne waɗancan sun riga sun sami uwa a jihohinsu, cirewar ba ta dame su ba. Su kuwa na Boston ba su ma san an cire su ba: a 1824 suka rubuta Landan suna neman a sabunta musu takarda. Ba amsa.

A watan Yunin 1827, ƙarƙashin John T. Hilton, suka buga sanarwa a jaridar Boston cewa daga yau sun tsaya da ƙafarsu, ba sa ƙarƙashin kowane zaure. Lokacin bai yi musu daɗi ba. Shekara guda kafin nan wani William Morgan ya ɓace a jihar New York bayan ya yi barazanar tona sirrin ƙungiya, jama'a suka taso wa duk wani Freemason, har aka kafa jam'iyyar siyasa don yaƙar su, zauruka da yawa suka rufe. Duk da haka a waɗannan shekaru ne David Walker, mai sayar da gwanjon tufafi wanda ƙasidarsa ta 1829 a kan bauta ta girgiza jihohin kudu, yake cikin African Lodge.

Rigimar cikin gida

Da ƙungiyar ta bazu, sai aka sami manyan zauruka na baƙaƙe masu hamayya da juna, musamman a Pennsylvania. Don a ɗinke ɓarakar, Hilton ya kira taro a Boston a watan Yunin 1847, aka kafa uwa ta ƙasa baki ɗaya a kan na jihohi. A lokacin ne na Massachusetts ya ɗauki sunan Prince Hall. Maganin ya zama sabon ciwo. A al'adar Freemason babu wata hukuma a saman Babban Zaure, saboda haka farare suka sami ƙarin hujja, na jihohi kuma suka fara kukan kuɗin da ake karɓa da katsalandan. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ficewa, zuwa ƙarshen shekarun 1870 yawancinsu sun fita. Har yau akwai ɓangare biyu masu amfani da sunan Prince Hall: na jihohi masu cin gashin kansu, waɗanda su ne mafi rinjaye kuma su ake amincewa da su, da ragowar masu bin tsarin 1847.

A shekarar 1847 ɗin ce kuma Ingila ta gyara kundinta, ta cire haifaffen ɗa ta sa mutum mai 'yanci, bayan soke bauta a yankunan mulkinta. Zaurukan Amurka ba su bi ba.

Gobarar da ta taɓa takardar a 1869 ta faru. Tana naɗe cikin bututun ƙarfe a cikin akwati. Bututun ya tare harshen wuta amma bai tare zafi ba. Ƙungiyar tana ba da labarin cewa wani shugabanta, S. T. Kendall, shi ya kutsa cikin ginin ya fito da ita. Wasu takardun tarihi sun ƙone a ranar, abin da ya ƙara wahalar kare kai a gardamar da ta biyo baya, don a irin wannan shari'a littafin zama shi ne shaida: duk shekarar da babu rubutu, abokin hamayya zai ce zauren ya mutu a wannan shekara.

Amincewa

Sau biyu farare suka gwada amincewa da su suka janye. Babban Zauren jihar Washington ya yi a 1898 bisa rahoton William Upton. Sauran jihohi suka yanke hulɗa da shi, ya ja da baya a shekara mai zuwa. Na Massachusetts ya yi a 1947, aka yi masa irin wannan matsi, ya soke a 1949. Makamin a kullum ɗaya ne: idan wata jiha ta janye amincewa da kai, 'ya'yanka ba za su iya ziyartar zaurukanta ba, kuma wannan ziyara tana cikin manyan abubuwan da mutum ke biyan kuɗin shekara dominsu.

A tsakanin nan ƙungiyar ta yi girman da ba ta buƙatar yardar kowa. Ta kafa manyan zauruka a yawancin jihohi, da Kanada, da Karibiyan. Na Laberiya da aka kafa a 1867 daga wannan tsatso yake. A garuruwan kudu, benen zauren Prince Hall sau da yawa shi ne babban ɗakin taro da baƙaƙe suka mallaka bayan coci, ƙasansa kuma shaguna da ofisoshin likita da lauya. Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar hana wariya a makarantu a 1954, ɗan ƙungiyar ne, kuma zaurukan sun riƙa zuba kuɗi a asusun shari'a na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, a shekarun 1950.

Connecticut ce ta fara amincewar da ta ɗore, a 1989. Dabarar da aka yi amfani da ita mai sauƙi ce: ƙa'idar jiha ɗaya uwa ɗaya ba ta hana uwa biyu zama a jiha guda idan su biyun sun yarda. A Disamban 1994 Babban Zauren Ingila ya amince da Babban Zauren Prince Hall na Massachusetts. Bayanin da ya fitar ya yarda cewa da ma'aunin yau, wanda ke buƙatar zauruka uku masu takarda kafin a kafa uwa, kafuwar tasu ba ta cika ƙa'ida ba, amma da ma'aunin wancan zamani abin karɓa ne, tunda akwai manyan zaurukan farare a Amurka da su ma ba da uku aka kafa su ba. Shekara 181 ke nan bayan cire su daga rajista. Yanzu 'yan jihohi kaɗan ne a kudu suka rage ba su amince ba.

Amincewar ba haɗewa ba ce, kuma zaurukan Prince Hall ba su nemi haɗewa ba. Kowane ɓangare ya riƙe gine-ginensa, asusunsa da shugabanninsa. Abin da aka buɗe shi ne ƙofar ziyara. Ta kuma zo a lokacin da kasuwar irin waɗannan ƙungiyoyi ta ja baya. Manyan zaurukan farare sun kai mutum miliyan 4.1 a 1959, zuwa 2020 sun faɗo ƙasa da miliyan ɗaya. Inshora da fansho sun karɓe aikin jana'iza da tallafin marayu, kuɗin gyaran tsofaffin gine-gine kuma yana kan wuyan tsofaffin da suka rage. Zaurukan Prince Hall ma suna fama da wannan, galibin aikinsu na fili yanzu tallafin karatu ne, da rabon abinci, da rajistar masu zaɓe.

Hedikwatar Babban Zauren tana unguwar Dorchester a Boston. Kabarin Hall yana maƙabartar Copp's Hill a arewacin birnin, inda aka binne baƙaƙe da yawa na wancan zamani, galibinsu ba alama. Nasa yana da ƙaramin allon dutse, a gefensa kuma akwai dogon ginshiƙi na baƙin dutse mai karyayyen kai da ƙungiyar ta kafa a 1895. 'Yan zaure suna zuwa wurin kowace shekara a jere, da farin walki da safar hannu.